Littafin Tasalla na Uku

Kaura Namoda
Farkon Satumba, 2021

Zuwa ga Yaya Maimunatu, Badarawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewa. A gaida Malam Shu'aibu da yara, a durƙusa mini gaban surukarki Hajiya a ce ina tambayar ƙafarta. Mu nan lafiya lau, sai zaman gida da ya ishe mu.

Kin ga yadda duniya ta juya da mu. An ce zumunci a ƙafa yake, muka ɗauke shi muka zuba a waya, yanzu da aka yanke sabis ga mu mun koma biro da takarda kamar zamanin iyayenmu. Wayata tana kan taga, ba ta da aikin da ya wuce haska ɗaki. Na yi magana da Ɗantani direba, mai jigila tsakanin Kaura da Shinkafi. Zai riƙa ajiye saƙona a shagon Malam, in ya juyo ya karɓo amsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tunda aka rufe makarantu ba ni da aji ba ni da alli, kuma kin san malamar da ta rasa ɗalibai fitina ce ga maƙwabta. Sai na buɗe akwatin littattafaina na kafa gasar karatu. Akwai ɗalibaina na unguwa, akwai Saudat ta gidan Kawu Muhtari a Zurmi, kuma ba zan yi gasa ba tare da 'yarki Amatullahi ba, wadda tun tana firamare take karanta har takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki. Wadda ta fi kowa karatu kafin a koma makaranta za ta zaɓi abin da ranta ke so a akwatin, ya zama nata har abada.

Amma akwai doka. Ba na ba da littafi na gaba sai an rubuto mini shafi guda a kan wanda aka gama: me ya faru, wa ya burge ki, wa ya ba ki haushi. Na san halin 'yan matan nan, sai su leƙa shafin ƙarshe su zo suna cewa sun karance.

Ga littafin Tasalla nan na ɗaya da na biyu, labarin wata yarinya ce sa'arta da ambaliya ta tafi da ita a kwalekwalen babanta, take neman hanyar komawa gida. Na haɗo biyun saboda nisan hanya. Su ina da su bibbiyu, amma na ukun, wanda shi ne ƙarshe, ƙwaya ɗaya ne, yana wurina sai na ga takardu biyu.

Na san in kin tashi amsa ba za ki ambaci sunanta ba. 'Yar fari ce, ko a takarda sai kin yi ta kewaye-kewaye. To ni ba ni na haife ta ba, bari in huce miki: Amatullahi, Amatullahi, Amatullahi.

Ƙanwarki mai surutu,
Naja'atu

Badarawa
Tsakiyar Satumba

Zuwa ga Naja'atu.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun ji daɗi. Malam yana amsawa, Hajiya ta ce a gaya miki ƙafa tana nan inda kika bar ta. Gero ya yi kyau bana, sai dai gonakin nesa ba mai zuwa, kin san dalili. Ana ɗan fama da zazzaɓi a gidan, amma da sauƙi.

Ke dai ba ki girma. Na karanta ƙarshen takardarki a tsakar gida sai da na waiga ko wani yana kallona.

Kin jawo mini aiki. Ranar da littattafan suka zo na ɗora wa mutuniyar taki miyar kuka na shiga wanka, na fito na tarar da ita zaune gaban murhu, littafi a cinya, tukunya ta ƙone har ta fara hayaƙi. Da na yi magana sai ta ɗago ta ce, "Yaya, ruwa ya tahi da Tasalla." Na ce ni kuma wuta ta tafi da miyata. Daren nan da mai da yaji muka ci tuwo.

Da la'asar kuma sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Hajiya, ƙannenta su kewaye ta, ta yi ta karanta musu da ƙarfi tana sauya murya. Hajiya da ke cewa littattafan boko ƙarya ce zalla, yanzu ita ke tambaya ko yarinyar ta samu abin da za ta ci. Ni ina can bakin turmi ina aikina, ba ruwana da su. Sai dai na ji wai direban tirelar nan da ya ɗauke ta ba mutumin kirki ba ne.

Ga takardarta ta na ɗaya na saka a ciki. Na biyun ma ta gama shi. Ta ce in roƙe ki na uku, wai an tsaya a mugun wuri, an bar yarinya ita kaɗai a tashar wani gari ba ta san kowa ba.

A gaida mutan gida.

Yayarki,
Maimunatu

Kaura Namoda
Ƙarshen Satumba

Yaya Maimunatu,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. A yi wa Hajiya sannu da zazzaɓi, damina ba ta barin tsofaffi su huta. A matsa mata ta sha maganin asibiti, kada ta tsaya kan saiwoyinta.

Yaya, na karanta takardar Amatullahi sau ba adadi. Sauran yaran suna rubuto mini "labarin ya yi daɗi, ya koyar da haƙuri", su sa aya. Ita kuwa ta rubuta cewa ba ambaliyar ce ta fi ba ta tsoro ba, wurin da Tasalla ta fara mance muryar uwarta ne. Ta kuma kama marubuciyar da kuskure: an ce kwalekwalen ya kife a babi na huɗu, sai ga shi a babi na shida ana tuƙa shi ba wanda ya ce an tsamo. Ni da na karanta littafin nan tun ina kwaleji ban lura ba. Yarinyar nan marubuciya ce, ki rubuta ki ajiye. Ko kuwa kunya ba za ta bar ki ki ji daɗi ba?

Amma ina takardar na biyu? Na zazzage ambulan har na leƙa ciki. Doka doka ce, ko ga 'yar gaban goshi. In na sassauta mata, da wane ido zan kalli sauran? Ki gaya mata Anti Naja ta ce rubutu kafin karatu. Ki kuma gaya mata Saudat ta Zurmi tana bin ta a guje, ita ma ta shiga na biyu, kuma ita ba ta ƙona wa kowa miya.

Na ga kin ce ba ruwanki da karatunsu. Allah ya ba mu kunnen da ke jin halin direban tirela daga bakin turmi.

Taki,
Naja'atu

Badarawa
Farkon Oktoba

Naja'atu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, muna fata kuna lafiya. Mai jiki an kai asibiti Shinkafi an yi ƙarin ruwa, an dawo gida. Da sauƙi, alhamdu lillahi.

Na isar da saƙonki. Ta yi murmushi da maganar kwalekwale. Rubutun dai ba ta samu yi ba, ta ɗauki biro ta ajiye.

In da hali ki aiko da na ukun hakanan. Kullum in aka ji ƙarar mota a bakin hanya sai ta tura ƙanenta shagon babansu ya dubo. Ban saba roƙonki abu a kanta ba, kin sani.

Ɗantani yana jira, ba zan tsawaita ba.

Maimunatu

Kaura Namoda
Oktoba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na yi murna da jin Hajiya ta dawo gida, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Yanzu bari in yi miki faɗa, tunda daga nesa nake ba ki iya kai mini duka. Na gane abin da ke faruwa sarai. Tsohuwa ta kwanta, ɗakinsu ɗaya da jikarta, sai aka jibga wa yarinya jinya da wanki da girki, ta rasa lokacin rubuta shafi ɗaya tak. Haka ake yi wa 'ya'yan fari, a ce su ne manya, alhali su ma yara ne. Don Allah ki ɗauke mata aikin yini guda ta zauna ta rubuta. Ba don mugunta nake riƙe littafin ba. In ta saba samun abu ba tare da ta zauna ta yi tunani a kansa ba, za ta zama irin masu haɗiye littafi kamar loma, su gama ba su san ɗanɗanonsa ba. Amatullahi ta fi ƙarfin haka.

Gaskiyar magana ma, na ukun ba ya hannuna yanzu. Saudat ta aiko da takardunta biyu cif, rubutun ba wani abin kirki ba, amma ta cika sharaɗi, na ba mai zuwa Zurmi ya kai mata. Da ta dawo da shi, in takardar Amatullahi ta iso, nata ne. Ki gaya mata kada ta yi fushi da ni, Tasalla ba inda za ta, tana nan a tashar tana jiranta.

Na sa wa Hajiya dabino kaɗan a leda.

Naja'atu

Kaura Namoda
Nuwamba

Yaya Maimunatu,

Assalamu alaikum. Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba.

Na yi ta jiran amsarki shiru. Na ce ko fushi kike da faɗan da na yi. Sai na ji mutanen daji sun matsa wa hanyar taku, motoci sun daina bi, Ɗantani ya jingine tasa. Na kwantar da hankalina na ce hanya ce. Shekaranjiya na gamu da shi a bakin tasha, na ce masa in ya koma ya duba mini jikin Hajiya. Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Wace Hajiya? Ai tsohuwa garau take, ita tak karɓi dabinon da hannunta. Ɗiyar ce ba lahiya, mai karatun nan. Ni na kai su asibiti, a kwance ta tahi a kwance ta dawo."

Yaya, me ya sa? Me ya sa ba ki ce mini ita ce ba? Na dawo gida na fito da takardunki na sake karantawa, sai na ga komai yana nan a fili, ni ce makauniya. Kin ce ta ɗauki biro ta ajiye. Kin ce ba ki saba roƙona abu a kanta ba. Ni da nake tsokanarki da kunyar 'yar fari a kowace takarda, ni ce na kasa gane cewa in kin ce "mai jiki" ba ki faɗi ko wane ne ba, to wadda bakinki ba ya iya kamawa ce. Na zauna ina yi miki wa'azin loma da ɗanɗano, yarinya tana kwance tana sauraren ƙarar mota. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa har da taurin kai.

Jiya na shiga motar Zurmi, kowa yana ce mini kada in je. Na samu Saudat ta ba wata ƙawarta aron littafin, muka bi gida gida har muka karɓo. Da ta ji dalili ta fashe da kuka, ta ce a gaya wa Amatu ta janye, ita ta ci gasar.

Ga shi nan. Ɗantani ya ce gobe za su gwada hanya a ayari, in an samu rakiya. Na so in biyo shi, maigidana ya rantse ba zan taka hanyar ba sai ta lafa. Ba na son takarda, ba na son ko layi ɗaya. Ki ce mata Anti Naja ta tuba, akwatin gaba ɗaya nata ne, da na samu hanya zan kawo mata shi a kaina. In idonta ba ya jure karatu ki sa wani ya karanta mata.

Ki rubuto mini gaskiya, Yaya, ko kalma biyu ce. Kada ki ce mini da sauƙi.

Naja'atu

Badarawa
Nuwamba

Naja'atu ƙanwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam yana gaishe ki, Hajiya tana gaishe ki. Yara lafiya.

Kin ce kada in ce da sauƙi. Ba zan ce ba. Allah ya karɓi abinsa ranar Talatar da ta wuce, da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Littafinki ya iso ana sadakar uku, Malam ya shigo da shi ya miƙo mini.

Zazzaɓin ya koma shawara, idanu suka yi ɗorawa, abinci ya ƙi zama. Mun so komawa asibiti, hanya ta hana, sai mai kemis ke zuwa yana yin abin da ya iya. Kwananta ne ya ƙare. Kada ki ɗora wa kanki, littafi ba ya riƙe rai.

Kin tambaye ni me ya sa ban faɗa ba. Na zauna da tambayar nan tun jiya. Ke kin tafi makaranta da wuri, ni a nan na tashi, a nan na ga iyayenmu. Uwa ba ta kai kukan ciwon ɗan fari da bakinta. In ta yi sai a ce ba ta da kara, tana rawar jiki a kan ɗa kamar ita ta fara haihuwa a duniya. Tun da aka yaye ta Hajiya ta ɗauke ta, ɗakinta take kwana, ita ke mata kitso. Ni Yaya take ce mini, yadda ta ji kuna faɗa. Ko da ta kwanta, sai in kai kunu ƙofar ɗakin in miƙa in juyo, in koma bayan rumbu in yi kukana in wanke fuska. Da na zo rubuta miki, sau biyu ina sa biro in rubuta ita ce, hannuna ya ƙi. Na ɗauka za ki gane. Ban ga laifinki ba da ba ki gane ba.

Akwai abin da nake so ki sani, ban gaya wa kowa ba.

Ana gobe za ta rasu, bayan la'asar, Hajiya ta fita maƙwabta neman ganyen da aka kwatanta mata, ta ce in zauna da ita. Na shiga na zauna a bakin gado. Ta buɗe ido ta ce, "Yaya, mota ta zo?" Naja'atu, ban san lokacin da bakina ya ce ta zo ba. Na fita na ɗauko na biyun a kan taga, na naɗe bangonsa da tsohuwar kalanda, na dawo na buɗe tsakiya. Na ce idonki ba ya gani sosai, bari in karanta miki.

Kin san karatuna, sai na bi da yatsa. Amma ranar ba karatu na yi ba. Duk abin da ta karanta wa ƙannenta a tsakar gida na ji shi, ba wanda ya wuce ni, dakan ma a hankali nake yi don kada taɓarya ta rufe muryarta. Na ɗauko daga tashar da aka bar Tasalla. Na sa wata mai tuwo-tuwo ta ba ta wurin kwana. Na sa ta gamu da wani mai sayar da busasshen kifi ɗan garinsu, ya gane ta da tsagen fuskarta. Ina faɗa ina juya shafi. Na hau da ita mota, na sauke ta a bakin gulbi, na ƙetare da ita.

Ina cikin haka ta sa hannu ta taɓa gefen littafin. Ta ce, "Yaya, wanga na biyu na. Ga tabon miyar nan." Kunya ta kama ni kamar in nutse. Sai ta ce, "Ci gaba. Ta kai gida?"

Na ce ta kai. Na ce uwar tana daka a tsakar gida aka shigo aka ce ga Tasalla a bakin gari. Ta yar da taɓarya ta fita a guje, ba mayafi ba takalmi, tana kiran sunanta da ƙarfi, maza na zaune a dandali suna kallo. Ta rungume ta a gaban kowa ta ƙi saki.

Ta ce, "Ita ma ɗiyar fari ce fa, Yaya."

Na ce na sani.

Ta ce, "Uwar ba ta ji kunya ba?"

Na ce ba ta ji ba.

Ta zuba mini ido, ni ma ban kauda kai ba. Sai ta ce, "Ashe ana yi."

Na ajiye littafin na ɗago ta na jingina ta a ƙirjina. Ba nauyi, kamar na ɗauki zane. Haka Hajiya ta dawo ta same mu. Ta tsaya a bakin ƙofa da ganyenta a hannu, ta juya ta koma waje, ta bar mu har aka kira magariba. Rabon da in riƙe ta haka tun tana shan nono.

Ga na ukun nan na ba Ɗantani ya mayar miki, ban buɗe ba. Na san ke kin san yadda marubuciyar ta ƙare shi. Don Allah ko mun haɗu kada ki gaya mini. Na ɗaya da na biyu kuwa ina roƙon ki bar mini su.

Ki ci gaba da gasarki, kada ki fasa saboda mu. Ki gaida Saudat, ki ce mata ta daina kuka ta yi mata addu'a. In hanya ta yi kyau ki zo, ki zauna kusa da ni ki yi ta kiran sunanta yadda kika saba, ina so in ji.

Yayarki,
Maimunatu